Amsoshin Wasiƙunku: Ko In Ci Sabon Bashi In Biya Tsoho?

 Wasiƙar da muka ɗauko yau ta fito ne daga ƙaramar hukumar Sandamu, a ƙasar Daura, Jihar Katsina. Mai ita manomi ne, yana kuma taɓa sana'ar tumaki, yakan kai su kasuwar Mai'adua ran Lahadi. Ya roƙe mu mu sakaya sunansa, mun kuwa sakaya, tunda maganar bashi ce, ko da yake Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ga abin da ya rubuto:

"Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. A watan Afrilu na karɓi N300,000 a hannun wani mutum domin in sayi taki in kuma ƙara jari, a kan zan riƙa ba shi N30,000 duk wata har ranar da na mayar masa da uwar kuɗinsa. Yau wata 4 ke nan ina biya, na ba shi N120,000, amma N300,000 ɗin nan tana nan daram. To sai ga wani ƙaramin banki ya ce zai ba ni N300,000 in sallami mutumin, su kuma ruwansu kashi 4 ne kawai cikin 100 a wata, in biya cikin wata 6. Sai dai za su cire N15,000 kuɗin takarda, su kuma riƙe N30,000 a matsayin ajiya sai na gama biya. Ƙanena da ke aiki a Amurka ya gaya mini a waya cewa haka su ma suke yi can, wai ya kwashe bashin da ke kan katinsa ya mayar kan wani kati wanda ba ruwa. Don Allah ku yi mini bayanin wannan kati, kuma ku ba ni shawara, in karɓa ko in bari?"

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya yaye maka. Tambaya biyu ka yi a haɗe, bari mu fara da ta ƙanenka, don in ka gane tasa za ka gane taka.

Da farko dai, katin da yake magana a kai ba irin wanda ke aljihunka ba ne. Naka, wanda kake miƙa wa mai POS ya cire maka kuɗi, kuɗinka ne da ka ajiye kake ɗiba. In asusun ya ƙare, kati ya zama roba. Da yawa daga mutanen karkara ma ba su mallaki irinsa ba sai a farkon 2023, lokacin da canjin kuɗi ya sa takardar Naira ta yi wuyar gani. Shi kuwa na ƙanenka katin bashi ne. Banki ne yake yanka wa mutum iyaka, ya ce ka yi sayayya har zuwa kaza da kuɗinmu, ƙarshen wata mu turo maka lissafi. In ka biya duka a kan lokaci, babu ruwa. In ka biya kaɗan ka bar saura, sai ruwa ya fara hawa kan sauran. Abin ya samo asali ne a Amurka: katin Diners Club ya fito a 1950, sa'an nan a 1958 wani banki a Jihar Kalifoniya ya fito da katin da daga baya, a 1976, aka sa masa suna Visa. Ya kuwa kama mutanen can ƙwarai da gaske, domin a 2023 bashin da ake bin Amurkawa a kan irin waɗannan katuna ya haura dala biliyan 1,000, ruwan da ake ɗora musu kuma ya wuce kashi 20 cikin 100 a shekara.

Saboda bankunan suna da yawa, kowa na neman mai cin bashi, sai suka ɓullo da wata gasa. Banki zai aiko wa mutum takarda ya ce, kawo bashin da wancan bankin yake binka, mu za mu biya shi, ka dawo muna binka, kuma ba za mu ɗora maka ruwa ba har tsawon wata 12, ko 18, wani lokaci ma 21. Abin da za ka ba mu kawai shi ne la'ada, kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na kuɗin da ka kwaso. Wannan shi ne abin da ƙanenka ya yi. Watau dai ya sauya wa bashinsa masauki.

Bari mu buga misali. A ce ana binsa dala 6,000, ruwan kuwa kashi 2 cikin 100 ne a wata. Ka ga duk wata dala 120 na tafiya a ruwa kawai. Ya kwashe ya kai sabon kati, aka caje shi la'adar kashi 3, dala 180 ke nan, bashi ya zama 6,180, aka ba shi wata 18. In ya raba wannan kuɗi gida 18, ya daure yana biyan wajen dala 343 kowane wata, ranar da wa'adi ya cika ya fita fes. Da a tsohon kati ya zauna yana biyan wannan adadin, sai ya kwashe kusan wata 22, ya kuma zubar da sama da dala 1,400 a ruwa. Ka ga ya tsira da fiye da dala 1,200. Wannan riba ce ta gaske, ba mu musa ba.

Amma fa banza ba ta kai zomo kasuwa. Kana tsammanin banki zai ba da kuɗinsa shekara ɗaya da rabi don Allah da Annabi? Sun san halin mutane ne. Sun san mutum in ya ji an ce ba ruwa sai jikinsa ya yi sanyi, ya riƙa biyan ɗan abin da aka wajabta masa kawai. A ce ƙanen naka dala 100 yake bayarwa a wata: wata 18 ya biya 1,800, saura 4,380, ranar da wa'adi ya ƙare ruwa ya dawo da ƙarfinsa a kan wannan saura. Sun kuma san tsohon katin da aka wanke yana nan a aljihu, fayau, yana kiran mai shi. Mutum ya sake cika shi da sayayya, sai ya wayi gari da bashi biyu maimakon ɗaya. Ga kuma sharaɗin latti: ka makara wajen biya, suna iya soke rangwamen. Rigingimu irin waɗannan suna cikin abin da ya sa aka yi doka a Amurka a 2009, zamanin Shugaba Obama, wadda ta ce rangwamen ruwa kada ya gaza wata 6, kuma ba a ƙara wa mutum ruwa a kan tsohon bashinsa don latti sai lattin ya kai kwana 60. Har ila yau, ba kowa ake wa wannan tayi ba, sai wanda aka duba tarihinsa aka ga yana biya a kan kari. Wanda ruwa ya kai masa wuya, shi ne ake hanawa.

Saboda haka abin da ƙanenka ya saya da la'adarsa lokaci ne, ba yafiya ba. Bashin na nan, ruwan ne aka dakatar na ɗan wani lokaci, domin duk abin da ya biya ya sauka a kan uwar kuɗin.

To, mu dawo gida. A nan ƙasar katin bashi bai yaɗu ba, sai a hannun ma'aikata da 'yan kasuwa ƙalilan a manyan birane, kuma wannan tayi na wata 18 ba ruwa ba abu ne da manomi zai shiga banki a Daura ko Katsina ya tarar ba. Abin da ya yi kama da shi shi ne yadda wasu masu ba da bashi kan sayi bashin ma'aikacin gwamnati daga hannun wasu, su riƙa cira daga albashinsa, shi ma kuma da ruwansa. Amma ita dabarar kanta, a ci a nan a biya can, ai ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Mutum ya karɓi kuɗi da damina a kan zai biya da hatsi in kaka ta yi, abin da ake kira falle. Kaka ta zo, amfanin bai kai ba, sai ya jinginar da gona ya biya fallen. Wa'adin jingina ya matso, sai ya sayar da saniya. Wata Baturiya mai suna Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta yi nazarin zaman manoma, littafinta ya fito a 1972, kuma falle da jinginar gona suna cikin abubuwan da ta rubuta a kai. Ka ga tun kafin a haifi ƙanenka ake sauya wa bashi masauki a ƙasar Hausa.

Yanzu ɗauko alƙalami, ko ka kira yaronka ɗan makaranta, mu yi lissafin naka tare. A hankali za mu bi shi, don nan ne maganar take.

A ido, tayin bankin ya fi. Mutuminka kashi 10 yake karɓa, su kashi 4. In ka zauna yadda kake har wata 6, za ka ƙara ba shi N180,000, uwar kuɗi kuma ba ta motsa ba. Su kuwa kashi 4 na N300,000 shi ne N12,000, sau 6 ya zama N72,000, ka haɗa da kuɗin takarda N15,000, N87,000 ke nan, kuma a ƙarshe ba mai binka. Wa zai ga wannan ya ƙi?

To amma tsaya. Nawa za su damƙa maka a hannu? N300,000 a cire N15,000, a riƙe N30,000, saura N255,000. Ka kai wa mutuminka wannan, zai ƙirga ya ce saura N45,000. Ba ka sallame shi ba ke nan, kuma wannan saura za ta ci gaba da haihuwar N4,500 duk wata.

Na biyu, nawa za ka riƙa biya? N372,000 a raba 6, N62,000 ke nan a wata. Ka ɗora N4,500 ta mutuminka, ya zama N66,500. Kai da N30,000 take ba ka wuya har ka rubuto mana wasiƙa, yanzu an ninka maka ita har da ɗoriya.

Na uku, kuma wannan shi ne abin da ba a cika gaya wa mutane ba. Kashi 4 ɗin nan, bisa ga yadda irin waɗannan bankuna suka saba, a kan N300,000 cif ake lissafa shi tun daga watan farko har na ƙarshe. A wata na 6, lokacin da abin da ya rage a kanka bai wuce N50,000 ba, N12,000 ɗin dai za ka biya, kamar ba ka taɓa rage ko sisi ba. Kana kuma biyan ruwa a kan N45,000 da ba ta taɓa shiga aljihunka ba. Mun zauna mun lissafa, in aka haɗa duk wannan, ruwan da kake biya a kan kuɗin da ke hannunka da gaske ya kusa kashi 10 a wata. Watau ya yi kafaɗa da kafaɗa da na mutumin da kake gudu.

Kada ka ce mun cika baki, ga yadda za ka gwada da kanka. A ce kana da ikon fitar da N66,500 duk wata. In ta hanyar banki ka bi, bayan wata 6 ka biya N399,000, su mayar maka da ajiyarka N30,000, ka cika N15,000 ka kai wa mutuminka ragowar kuɗinsa. Duka-duka N414,000. To a ce kuma ba ka je banki ba, ka ɗauki wannan N66,500 ɗin kana kai wa mutuminka, ya cire kashi 10 na abin da ya rage, sauran ya rage maka uwa. Watan farko N30,000 ruwa, N36,500 ta sauka a kan uwa, saura N263,500. Wata na biyu ruwan ya koma N26,350. Haka za ka yi ta gangarowa, bayan wata 6 abin da zai rage a kanka wajen N18,400 ne. Duka-duka N417,400. Bambancin hanyoyin biyu bai kai N4,000 ba, kuɗin da ko buhun dusa mai kyau ba lallai ya saya maka ba. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Ka lura da abin da wannan lissafi ya tona. Sauƙin da ka hango a banki ba daga sauya masauki ya zo ba, daga rage uwar kuɗi ya zo. Wata 4 ɗin da ka yi kana ba da N30,000, haya kawai kake biya, kamar mai hayar shago, ko shekara 10 ya yi shagon ba zai zama nasa ba. Shi ƙanenka an tsayar masa da ruwa cak, shi ya sa ƙaurarsa ta biya shi. Kai kuwa ba a tsayar maka ba, an sauya masa riga ne.

Ba muna cewa kowane tayi haka yake ba. Da a ce babu riƙe ajiya, ko ruwan a kan abin da ya rage ake lissafa shi, da lissafin ya sauya, kuma da mun ce maka ka duba shi da kyau. Shi ya sa in ka koma wurinsu kada ka tsaya a kan kashi nawa ne. Tambaye su, Naira nawa za ku sa mini a hannu, Naira nawa zan mayar muku gaba ɗaya, kuma a waɗanne ranaku? Su rubuta maka a takarda ka tafi da ita gida ka kwana a kanta. Ka tambaya ko wata-wata ne ko mako-mako, don da yawansu mako-mako suke karɓa. Ka tambayi tarar latti. Ka tambaya in ka samu kuɗi ka biya kafin wa'adi, za su rage ruwan watannin da suka saura ko kuwa sai ka biya duka. Wanda ya ƙi rubuta maka waɗannan, to ya riga ya ba ka amsa.

Sai maganar lokaci, wadda a wurin manomi ta fi maganar kashi nauyi. Ƙanenka albashi yake ɗauka, kuɗinsa na shigowa kowane wata kamar agogo, tsarin biyan wata-wata don irinsa aka yi. Kai kuɗinka ba haka yake zuwa ba. Yanzu muna tsakiyar damina, rumbu ya yi ƙasa, ga kuɗin noma na biyu, ga cefane. Gero sai wajen Satumba zuwa Oktoba, wake da gyaɗa su biyo baya, dawa kuwa sai sanyi ya fara shigowa. In ka sa hannu a ƙarshen Agusta, biyan farko zai iya samun ka kafin ka daki ko dami ɗaya. Ina za ka samo su? Ko dai ka koma wa mutuminka ka ƙara ci, ko ka karya tumakinka a Mai'adua a lokacin da ba su yi ƙiba ba, ko ka sayar da geron yana tsaye a gona. In kuma kaka ta yi, kowa ya san lokacin ne hatsi ya fi araha, don kowa na fitarwa. Mai bashin wata-wata ba shi da ikon jira, dole ya sayar a farashin da ya tarar. Ko da yake shi ma jiran ba kullum yake biya ba, waɗanda suka ci bashi suka ɓoye hatsi suna jiran tsada a 2025 sun gani, farashi ya yi ƙasa maimakon sama.

Akwai kuma bambanci tsakanin bin mutum da bin banki. Mutuminka, duk tsananinsa, kun san juna, kuna haɗuwa a masallaci da wurin jana'iza, dattijo zai iya shiga tsakani. Banki kuwa da lambar BVN yake aiki, wadda aka ɓullo da ita a 2014, ga kuma kamfanonin da ke ajiye tarihin masu cin bashi. Tun daga Agusta 2020 Babban Bankin Nijeriya ya fito da tsarin da ke ba banki damar ɗibar kuɗinsa daga asusun da mai bashi ke da shi a wani bankin daban, in ya sa hannu a kan haka lokacin karɓa. Da yawa suna sa hannun ba su sani ba. Sa'an nan za a ce ka kawo mai tsaya maka, ko a haɗa ku rukuni, in ɗaya ya gaza sauran su biya. Ka ga ka jawo maƙwabcinka cikin abin da bai ci ba bai sha ba. Af, kafin mu manta: ko kusa kada ka yarda wani yaro ya ce zai karɓo maka bashi ta manhajar waya ka biya wannan. Wa'adinsu gajere ne, ruwansu ya fi na mutuminka, kuma wasunsu kan bi lambobin da ke cikin wayar mutum suna aika saƙon tozarci ga 'yan'uwa da surukai, har sai da hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasa ta far musu a 2022.

To mene ne abin yi? Mu a ganinmu, ƙofar farko ita ce ta mutumin da ke binka. Ka samu wani dattijo da yake jin nauyinsa, liman ko mai unguwa, ku je tare. Ka ce masa, Alhaji, na ba ka N120,000 a wata 4, ina so in fita, a tsayar da lissafi a nan, a yanka mini abin da zan biya da kaka, kuma duk abin da na kawo daga yau a cire shi daga uwa. Ba lallai ya yarda da duka ba, amma mai bin bashi ya fi son kuɗinsa su dawo da a kai ga gaban alƙali, musamman da yake shi ma ya san matsayin abin da yake karɓa a shari'a. Duk abin da kuka daidaita a kai a rubuta, a sa shaidu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, amma mu sai mu ce ai da amana, sai an ɓata kuma a rasa mai gaskiya.

Tunda mun ambaci shari'a, hukuncin riba a Musulunci ba ɓoyayye ba ne, fatawar halin da kake ciki kuwa ta malamanku ce, ka same su. Sai dai muna so ka tambaye su wani babi da ke cikin littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala da Mukhtasar, shi ne babin hawala. Hawala ita ce sauya wa bashi masauki ta halal: ana binka, kai ma kana bin wani, sai ka ce wa mai binka ya je ya karɓa a wurin wancan, in ya yarda kai ka fita, ba a ƙara ko kwabo ba. Kai mai sana'ar tumaki ne, da wuya a ce babu mahauci ko dillalin da kake bi. Zauna ka lissafa su. Ko N50,000 ce ka tura mutuminka ya karɓa can, ka rage wa kanka N5,000 duk wata.

Ƙofa ta biyu, Malam, ai kai ka nuna mana ita da kanka. Tayin da ba ruwa, wanda ƙanenka ya samu a hannun banki, kai kana iya samunsa a hannun ƙanenka. Sunansa rance. Mun san da nauyi babba ya buɗe baki ya roƙi ƙanensa, kuma mun san shi ma bashi ne a kansa, kada ka ɗauka duk wanda ke Turai kuɗi yake shara. Amma ba kyauta za ka nema ba. Ka gaya masa adadi, ka gaya masa watan da za ka biya da abin da za ka sayar ka biya, ka kuma cika. In bai iya duka ba, ya ɗauki rabi. Haka in kana cikin adashi, ka roƙi a ba ka kwasar wannan karon, ka yi musaya da wanda ba ya cikin matsi. Kada ka raina irin wannan; ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da aka fara a yankin Maradi a 1991 da ɗan abin da mata ke tarawa mako-mako suka kafu, ga shi an kwaikwaye su a ƙasashe da dama. Can Nijar ɗin kuma akwai tsarin da manoma ke zuba hatsi a sito da kaka, a kulle da kwaɗo biyu, ɗaya na ƙungiyarsu ɗaya na mai ba da bashi, a ba su kuɗi a kai, in sun biya su kwashi kayansu. In kuna da ƙungiyar manoma mai rai a Sandamu ko Fago ko Rijiyar Tsamiya, abin a tattauna ne.

Za ka ce bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa fa? Akwai su, Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ ya biyo baya a 2019. Sai dai galibin aikinsu shi ne su sayi kaya su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali, ba su miƙa maka tsabar kuɗi ka kai wa wani ba. Sun fi amfani ga takin baɗi da a ce ga bashin bana.

Ƙofa ta uku ita ce wadda ba a so, a sayar da wani abu. Ka duba turkenka da idon lissafi. Ragon da ya kai N100,000, in ka riƙe shi alhali ana binka a kan kashi 10, kamar kana biyan N10,000 ne duk wata don ya ci gaba da tsayawa a gidanka, ban da dusa da harawa. Yana ƙara wannan darajar a wata? In layya ta kusa, wataƙila. In da saura, to shi ke cin ka. Amma gona kam, a bar ta a gefe. Kada ka jinginar da ita, kada ka ba da takardarta, don bashin N300,000 ana fita daga cikinsa da kaka ɗaya mai kyau, gonar da ta fita hannu kuwa ba kasafai take dawowa ba.

In duk waɗannan sun toshe, ka ga babu makawa sai bankin, to ga sharaɗinmu. Ka tanadi cikon N45,000 tukuna, domin ranar da suka ba ka kuɗin, a ranar za ka kai wa mutuminka N300,000 cif a gaban shaidu, kada kuɗin su kwana a gidanka, don kuɗi in suka kwana sai buƙata ta ji ƙamshinsu, ga suna, ga biki, ga mara lafiya. Ka nemi a jinkirta biyan farko zuwa bayan girbi, ko kuma kai ka jinkirta karɓa sai gero ya shigo. Bayan nan kuma, ko da mutumin ya tare ka a hanya da fara'a ya ce ƙofa a buɗe take, ka gode masa ka wuce. Wannan shi ne tsohon katin da muka ce yana kiran mai shi. Ka gaya wa ƙanenka shi ma ya sa nasa a ƙasan akwati, ya kuma rubuta ranar da watanninsa na rangwame za su cika ya manna a bango.

Malam, muna jiran wasiƙarka bayan kaka mu ji yadda kuka ƙare da mutumin. A gaida mutanen Sandamu da kewaye, Allah ya ba da damina mai albarka. Saura wasiƙu biyu a gabanmu, ɗaya daga Baure a kan maganin ƙwarin wake, ɗaya daga Zango, amma lokaci ya cim mana, sai Allah ya kai mu mako mai zuwa. Mu kwana lafiya.